Notin Birkin Gaba

Bungudu,
Jihar Zamfara.

Zuwa ga autana Lukman,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina roƙon Allah Ya kai ka Tsafe lafiya, Ya sa ka shiga wannan aiki na duba dabbobi da ƙafar dama, Ya tsare gabanka da bayanka a kan kwalta da cikin daji.

Za ka yi mamakin samun takarda daga mutumin da bango ɗaya ne tsakanin ɗakinka da nasa. Jiya na kira ka zaure da niyyar in yi maka magana, ka zo ka durƙusa, sai na ji kaina ina tambayarka ko ka sayi gidan sauro. Bakina ya ƙi. Shi ya sa na ɗauko biro. Ka karanta kafin ka tada mashin gobe, kuma ka kai ƙarshe ko da ranka ya ɓaci a tsakiya.

Maganar birki zan yi maka, amma ba ta yiwuwa sai na haɗa da maganar Bitrus, bakaniken nan na Gusau da kake ce wa Baba. Kai ka san shi da furfura da baƙin mai a hannu. Ni na san shi tun muna samari. Shekara ɗaya muka fara kabu-kabu a bakin kasuwar Tudun Wada, shi ya taso daga wajen Zuru neman abinci, ni na gudo daga gonar kakanka. Na fi shi gudu, na fi shi kyan mashin, na fi shi iya magana da fasinja. Duk da haka, tsofaffi da mata masu goyo shi suke jira. Akwai wata Hajiya mai sayar da atamfa, sai ta gan ni a tsaye ba kowa, ta wuce ni ta zauna a benci har Bitrus ya dawo. Ran nan na kasa haƙuri na tambaye ta laifina. Ta dube ni ta ce, “Ɗan nan, ba ka yi mini komi ba. Shi in ya tsaya, ban sanin ya tsaya sai na ga ƙafarsa ƙasa. Kai kuwa kullum goshina sai ya gaisa da bayanka.”

’Yan tasha suka yi ta dariya. Daga ranar na fara jin zafin Bitrus, shi kuwa bai ma san an yi ba.

A lokacin yawancinmu cire wayar birkin gaba muke yi mu jefar. Mun yarda cewa birkin gaba shi ke wurga mutum ta saman kan mashin. Bitrus ne kaɗai ya bar tasa. Wata rana muna cin tuwo ya yi mini bayani cewa duk sa’ad da aka taka birki, nauyin mashin da na mutum gaba yake komawa, tayar gaba ta danne ƙasa da ƙarfi, ta baya kuwa ta yi sakayau. Ya ce wanda ya dogara da birkin ƙafa kaɗai ya dogara ne da tayar da ba ta riƙe da komai. Ya ce in zo filin ƙwallo da yamma ya nuna mini. Na gane abin da ya faɗa sarai, hankalina ya karɓa tun kafin ya rufe baki. Amma na ce masa ban zo Gusau don ɗan Zuru ya koya mini hawa mashin ba. Ya yi murmushi ya ci gaba da cin tuwonsa.

Wannan shi ne kuskurena na farko, kuma daga cikinsa sauran suka fito. To ka ji daga bakina yau, ko da yake ka riga ka ji daga nasa: gaskiyarsa ce. Birkin gaba shi ke tsai da mashin, na baya taimako yake yi. Abin da ke kayar da mutum shi ne fizga. In za ka tsaya, ka saki totur, wato hannun ba da wuta, ka taɓa birkin hannu a hankali har ka ji gaban mashin ya ɗan sunkuya, sannan ka ƙara matsawa, kamar mai tatsar saniya, ba kamar mai ƙwace abu ba. Ƙafarka ta taka na baya sama-sama. Gwiwoyinka su kama tanki, hannuwanka kada su sandare, mashin ya kasance a miƙe. In ka ji tayar gaba ta fara ja, ka sassauta nan take ka sake matsawa. Kuma kada ka ce ka iya ka daina gwadawa. Ka samu fili a Tsafe, ko bayan makaranta ne, ka riƙa gwada tsayawar gaggawa har hannunka ya haddace, domin ranar da abin zai zo babu lokacin tunani.

Ka sha tambayata yadda gwiwata ta lalace, ina ce maka tirela ce. Tirela na ciki, amma ba ita ta yi ba.

Ranar kasuwar Tsafe ce, farkon damina. Wasu ’yan’uwa biyu dillalan shanu suka rasa mota, suka ɗauke mu ni da Bitrus, kowa da ɗaya. An yi yayyafi da hantsi, irin wanda ba ya wanke hanya sai dai ya jiƙa ƙura da man da motoci suka zubar, kwalta ta koma kamar an shafa mata sabulu. Bitrus na gaba, yana bin wata tirela daga nesa, ya bar fili mai yawa tsakaninsu. Ni ina bayansa ina jin haushin bayansa. Fasinjana ya ce, cikin wasa, ashe dai ɗan’uwansa ne ya dace da direba, su za su riga mu. Maganar nan ce ta tashe ni. Muna wuce dutsen Kwatarkwashi na murɗa totur, na wuce Bitrus har da yi masa hon, na shige filin nan da ya bari, na manne wa tirelar ina jiran hanya ta buɗe in wuce ta ita ma.

Ban ga abin da ke gabanta ba, yaya zan gani? Ashe garken shanu ke tsallaka hanya. Fitilun bayanta duk laka ta rufe su. Sai dai na ga ƙarfen bayan tirela yana girma a idona. Na taka birkin ƙafa da dukan ƙarfina, hannuna ya damƙi birkin da babu waya a jikinsa. Tayar baya ta daskare, mashin ya juya gefe yana ja. A hannun dama akwai fili, gonar wani ce da aka yi wa huɗa, da na kalle ta da can na nufa. Amma idona na kan ƙarfen nan, kuma inda na kalla can na je. Allah Ya taimaki fasinjana, ya faɗa cikin huɗa ya karye a hannu kawai. Ni gwiwata ta shiga tsakanin mashin da ƙarfe.

Ina kwance ina jin ƙarar mashin na zuwa daga baya, na ce shi ke nan, Bitrus zai bi ta kaina. Bai bi ba. A kan wannan kwalta mai santsi, da fasinja a bayansa, ya tsaya cak, saura taku da yawa tsakaninmu. Ya sauka ya tare motocin da ke tafe, ya cire rigarsa ya ɗaure mini ƙafa, ya tsai da wata akori-kura ya ɗora ni, ya riƙe kaina a cinyarsa har asibitin Gusau. Ka san abin da ke raina a cikin motar nan? Ba godiya ba. Cewa nake yi, ko a nan ma sai da ya nuna mini ya iya tsayawa.

Lukman, hanyar nan ce za ka riƙa bi duk ƙarshen mako in za ka zo gida, kuma manyan motoci sun fi na zamaninmu yawa. Kada ka manne wa babbar mota. In ba ka ganin madubin direba, shi ma ba ya ganinka. In motar da ke gabanka ta wuce wata bishiya ko turken wuta, ka ƙirga ɗaya, biyu, uku a natse kafin kai ka iso wurin. In an yi ruwa, ko kana ɗauke da mutum da akwatin magani, ka ƙara a kai. Wani zai shigo filin da ka bari, kamar yadda na yi wa Bitrus. Ka bar shi, ka ja baya ka sake buɗe wani. In abu ya taso maka, ka kalli mafita, kada ka kalli abin da kake tsoro. Ka rage gudu da giya kafin ka shiga kwana, ba a cikinta ba. Ruwan farko ya fi ruwan tsakiyar damina haɗari. Kuma kafin ka taka birki a kan babbar hanya ka saci kallon madubi, ka ɗan taɓa birkin sau biyu fitilarka ta yi wa na baya magana, domin tankar da ke bayanka ba ta tsayawa kamar kai. In za ka tsaya amsa waya ko gaisawa, ka sauka daga kwalta gaba ɗaya.

In ka bar kwalta ka shiga hanyoyin ƙauyukan Bilbis, abin ya sauya. A cikin yashi da tsakuwa tayar gaba ba ta da abin kamawa, don haka can sai ka lallaɓa birkin hannu, ka bar giya da birkin ƙafa su yi yawancin aikin. Wannan kam ni na gano shi da kaina, ba Bitrus ya faɗa mini ba.

Wata huɗu na yi a kwance. Da na tashi gwiwa ta ƙi lanƙwasa, ko kunna mashin ba na iyawa. Na dawo Bungudu na kama awon hatsi. Bitrus ya gyara mashin ɗina ya turo mini har gida, na jingine shi a zaure na rufe da buhu. Innarka kuwa ba ta da zance sai nasa. In baƙi suka zo duba ni, sai ta ba su labarin yadda ya yage rigarsa. Duk sallah sai ta aika wa iyalinsa abinci, su ma in bikinsu ya zo su aiko. Ni ina zaune ina cewa Allah Ya saka masa, amma a baki kawai. Daga baya ya bar kabu-kabu ya buɗe gareji, ya yi suna, har ma’aikatan gwamnati na kai masa mashinansu.

Sai kai ka girma, ka shiga makaranta a Gusau. Yayyenka babu wanda ya damu da mashin, kai ne ka gado ni. Na daɗe ina shirya yadda zan koya maka, ko da daga zaune ne, ina nuna maka da sanda. Ban ankara ba sai na ji kana cewa Baba Bitrus ya ce kaza, Baba Bitrus ya ce kaza. Wata rana na je Gusau sayen magani, na hango ku a filin ƙwallon nan da ya taɓa gayyatata. Ya jera gwangwanaye a ƙasa, kana tahowa da gudu kana tsayawa, yana auna wurin da ƙafarsa. Da ka tsaya daidai sai ya dafa kanka, kai kuma kana dariyar da ban taɓa ganin ka yi mini ba. Na tsaya bayan wata bishiyar dogon yaro har kuka gama. Ban yi muku sallama ba, na hau mota na dawo gida, na ƙi cin abinci.

Da ka roƙe ni tsohon mashin ɗina, na ba ka da murna, ina ganin ko ba komai abin da za ka hau nawa ne. Ka kai masa ya tashe shi. Ya dawo da sabuwar wayar birkin gaba a jikinsa, da hular kwano a rataye, wai kyauta ce daga gare shi. Ka tuna na ce maka kwanon tuwo ne ka kai wa innarka? Ka yi dariya, amma ba ka daina sawa ba. Har wannan ma ya ba ni haushi, don na ga maganarsa ta fi tawa nauyi a wurinka.

Yanzu ga abin da ya sa na kasa magana jiya.

Wata Juma’a da rana ka ajiye mashin a zaure ka tafi kallon ƙwallo. Na zauna ina kallon wayar nan. Mashin ɗina ne, ni na cire ta da hannuna shekaru da suka wuce, wani ya zo ya mayar ba tare da ya tambaye ni ba. Na ja jiki na matsa kusa da tayar gaba. Akwai ɗan notin da ke ƙarshen wayar, wanda ake ɗaure birki da shi, da yatsa ma yana juyuwa. Na warware shi sau shida. Na gaya wa kaina wai tsare ka nake yi, kada birkin gaba ya wurga ka. Ƙarya nake yi wa kaina, Lukman. Ni da na san abin da rashin birkin nan ya yi wa ƙafata. So nake ka dawo ka ce abin da Baba Bitrus ya koya maka ba ya aiki, ka zo ka tambaye ni.

Na yi niyyar in mayar da shi washegari. Da na fito da safe ka riga ka tafi.

Sauran ka sani. Kusa da shataletalen Lalan mai keke napep ya tsaya ɗaukar fasinja ba tare da sigina ba, ka matsa birki hannunka ya tafi har jikin kan mashin babu abin da ya kama. Tabon da ke haɓarka daga nan ne, da haƙorin da ka rasa. Likita ya ɗaga hular nan da ta tsage ya ce mini in gode wa Allah da wanda ya ba ka ita. Kai kuma kana kwance kana ba ni haƙuri, wai ka ɓata mini mashin, wai laifinka ne ba ka bar fili ba. Na ce maka ba komai, Allah Ya kiyaye gaba. Ban san yadda ƙasa ba ta tsage da ni ba a wurin.

Innarka ta tafi garejin Bitrus ta wanke shi tas a gaban mutane, ta ce ya ba ɗanta mashin da birkinsa ba ya ci. Bai ce mata komai ba sai haƙuri. Daga ranar ta daina aika musu abincin sallah. Ni na san gaskiya na yi shiru, kuma in faɗa maka tsakani da Allah, wani ɓangare na zuciyata ya ji daɗi da aka daina yabonsa a gidana.

Bayan mako guda ya zo Bungudu ya same ni a rumfa ina awo. Ya jira masu saye suka watse, ya zauna a kan buhu. Muka gaisa, ya tambayi jikinka. Sannan ya ce, “Haruna, na duba mashin ɗin. Ni na ɗaure birkin nan da hannuna kwana uku kafin haɗarin. Noti ba ya warware kansa har haka cikin kwana uku.”

Na buɗe baki zan yi rantsuwa, ya ɗaga hannu. Ya ce, “Kada ka rantse. Ban faɗa wa kowa ba, ba kuma zan faɗa ba. Yaron nan in yana gareji ba ya da hira sai taka, wai babansa ne ya fi kowa gudu a Gusau. Ba ni zan ɓata masa wannan ba.”

Ya tashi ya tafi. Shekara huɗu ke nan. Ya ci gaba da gyara maka mashin, ya ci gaba da gaishe da innarka tana amsawa da ƙyar. Ka zaci wannan ya kashe mini kishin? Ƙara shi ya yi. Na ga ko a rufin asiri ya fi ni. Har yau da nake rubuta maka, in na ji ka ce Baba kana nufin shi, sai na ji wani abu ya soke ni. Ina istigfari a kai, bai tafi ba tukuna. Ba zan yi maka ƙaryar cewa na warke ba.

Shawarar da ke bin wannan gajeriya ce. Kowace safiya, kafin ka hau, ka tura mashin gaba ka matsa birkin hannu ka ji ya kama, ka taka na ƙafa ka ji ya kama, ka duba iskar taya, ka ɗaura igiyar hularka. Da hannunka za ka yi, ko da wa ya kwana kusa da mashin ɗin, ko da ni ne. Na biyu kuma, in kana tafiya wani ya wuce ka, ka ji zuciyarka ta ce ka bi shi, ka rage gudu. A wurin aiki ma za ka samu wanda ya fi ka iya allura, wanda Fulani za su tsallake ka su jira shi. Ka je ka tsaya kusa da shi ka koya. Ni da na je filin ƙwallon nan da yamma ɗaya, da gobe da ƙafafuna biyu zan raka ka Tsafe.

Yau da safe na faɗa wa innarka. Ta kalle ni. Ta tashi ta shiga madafa. Yanzu haka tana can tana dambun shinkafa, ta ce yau da yamma za ta kai gidan Bitrus da kanta, kuma ba za ta tafi ita kaɗai ba. Na ce to. Ban san abin da zan ce masa ba, amma zan je.

Kai kuma ina roƙonka ka yafe mini. Ba sai ka zo ka faɗa da baki ba, na san nauyin da ke tsakanin ɗa da uba. In ba ka iya yanzu ba, ka tafi da abinka, zan jira.

Hanya ba yadda muka san ta take ba, ka fi ni sani. Kada la’asar ta same ka a daji. Ka tambayi direbobin tasha labarin hanya kafin ka kama ta, in suka ce a dakata ka dakata, babu saniyar da ta kai ranka. Ka riƙe sallarka a kan lokaci, ka yi addu’ar hawa abin hawa kafin ka tada inji.

Abu ɗaya ya rage, kuma na san ban cancanta ba. In ka sauka Tsafe lafiya, na san za ka kira Bitrus ka faɗa masa, kuma ya kamata ka kira shi. Amma ka fara kirana. Ko ba za ka yi magana ba, ka bari wayar ta yi ƙara sau ɗaya ka kashe, zan gane.

Allah Ya kiyaye hanya, Ya raba ka da sharrin ƙarfe da sharrin mutum, Ya ba ka abokan zama nagari, Ya dawo mana da kai lafiya. Allah Ya yi maka albarka.

Wassalam.

Mahaifinka,
Haruna.